Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitocin gasar ƙwallon raga ta azumi a unguwannin Hausawan Makka da Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu dattawa da yayyenmu shugabannin kwamitoci, Allah Ya ƙara girma, Ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da yaranmu kowace shekara. Na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a ne domin a zaman kwamiti wannan magana ba ta samun wuri. Da an zauna sai batun kofi, sai launin riguna, sai wanda zai biya kuɗin fitila, kafin a ankara an kira salla an watse.

Buƙatata guda ce. A ware wani kaso daga kuɗin da ake tarawa na gasar azumi, a kashe shi wajen mayar da tsofaffin 'yan wasanmu masu horarwa na gaske, masu ilimin aikin da takardar shaidarsa.

Duk wanda ya tashi a Shara Mansur ko Jarwal ko Misfala ya san yadda muka koyi wasan nan. Turaku biyu a cikin tayoyin mota da aka cika da siminti, raga, igiya a shimfiɗe ta zama layi, fitila an jawo ta daga gidan maƙwabci. Ana idar da tarawihi ake farawa, ba a tashi sai an ji ƙamshin sahur. Mai balila na gefe, mai sobiya na gefe. Babu wanda ake kira koci a lokacin, amma koyarwa tana nan. Yaro yana tsintar ƙwallon da ta fita fili shekara biyu ko uku, yayyensa na dungure masa kai suna gyara masa hannu, har ranar da wani bai zo ba a ce masa shiga. Unguwa ita ce makarantar.

Wannan makaranta ta rushe, musamman a Jidda. Tun daga ƙarshen 2021 da aka fara rushe tsofaffin unguwanni, irin su Gulail da Karantina da Sabil, mutanen da suka shekara talatin suna kwana katanga ɗaya suka watse, wani ya yi gabas wani ya yi arewa. Gasar ba ta mutu ba, alhamdu lillahi, kun yi ƙoƙari kuna kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, ko filin haya. Sai dai filin haya na awa biyu ne, an biya kuɗinsa domin manya su buga, ba domin yaro ɗan shekara goma sha biyu ya tsaya ana gyara masa ƙafa ba. Abin da unguwa take ba mu kyauta, yanzu sai an shirya shi da gangan, an ba wani alhakinsa.

Mu kuwa ina kuɗin yake tafiya? Kun fi ni sani. Ƙungiya ta ga za a fitar da ita, sai ta nemo ɗan haya daga waje, dogo mai tsalle, ya buga dare biyu, ya karɓi ambulan ya tafi. An ci kofi, an ɗauki hoto an sa a WhatsApp. Bayan salla ka dubi ƙungiyar, ba ta ƙaru da komai ba.

Ni alƙalin wasa ne, saboda haka daga kan kujerata ina ganin abin da mai kallon ƙwallo ba ya gani. Akwai wani yayanmu, ba zan kama sunansa ba don ba zai so ba, wanda a zamaninsa babu mai ɗaga ƙwallo kamarsa. Yatsunsa biyu na hannun dama sun karkace tun daga wancan lokaci, gwiwa kuma ta ƙi. Da rana tuƙi yake yi. Da dare yakan zo ya kifa kwandon roba a bayan layi ya zauna, kofin shayi a tsakanin ƙafafunsa. A azumin da ya wuce wani yaro ya yi ta dukan ƙwallo tana faɗa wa raga, abokansa na ta zaginsa wai ba shi da ƙarfi. Da aka tafi hutu yayan nan ya yafito shi. Bai ce masa komai a kan hannu ba. Ya ce, "Ƙanena, ka cika gaggawa. Kana shiga ƙarƙashin ƙwallo tun ba ta sauko ba. Ja da baya taku ɗaya, ka jira ta bar hannun mai ɗagawa, sannan hagu, dama, hagu." Ya zana masa takun da bakin takalmi a ƙasa. Yaron ya koma, ƙwallo uku a jere suka tsallake raga suka dira cikin fili. Yayanmu ya ɗauki shayinsa ya ci gaba da kurɓa. Ba ya cikin kwamiti, ba shi da riga, ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba. Irinsa muna da su a kowace unguwa, muna kallonsu suna tsufa a kan kwando.

Bari in ba ku labarin wata mata daga ƙasar Sin, don ku ga abin da ake yi da irin waɗannan mutane a inda aka ɗauki wasan da muhimmanci.

Sunanta Lang Ping, an haife ta a Tianjin a watan Disamba na 1960. Ta shiga tawagar ƙasarta a 1978, kuma saboda nauyin dukanta 'yan ƙasar suka yi mata laƙabi da Gudumar Ƙarfe. Da ita Sin ta ci Kofin Duniya a 1981, ta ci gasar zakarun duniya a 1982, sannan ta ci zinare a gasar Olamfik ta Los Anjalis a 1984, inda suka doke Amurka 3-0 a wasan ƙarshe a gaban jama'arta, bayan Amurkar ta doke su a wasannin rukuni. A lokacin babu gidan da ba a san sunanta ba a ƙasar Sin. Da ta so, da ta zauna gida tana cin albarkacin suna har ƙarshen rayuwarta.

Ba ta yi haka ba, kuma nan ne nake so ku saurara. A 1987 ta tafi Amurka, jihar New Mexico, inda ba kowa ya damu da ko ita wace ce ba. Ta zauna tana koyon Turanci, tana karatun tafiyar da harkar wasanni, tana aiki a matsayin mataimakiyar koci a ƙungiyar jami'a. Matar da ta doke duniya, ga ta tana jefa wa 'yan mata masu koyo ƙwallo, tana ƙarƙashin wani. Daga nan ta je Modena a Italiya ta yi wasa, ta komo ta taya ƙasarta buga gasar duniya ta 1990 inda suka zo na biyu. Sai a 1995 aka damƙa mata tawagar Sin, fiye da shekara goma bayan zinaren Los Anjalis. Ta kai su wasan ƙarshe a Atlanta a 1996 suka sami azurfa a hannun Kuba, suka sake zuwa na biyu a gasar duniya ta 1998. Ta sauka, ta koma Italiya ta shafe shekaru tana horar da ƙungiyoyin kulob.

A 2005 Amurka ta ɗauke ta kociyar tawagar matanta. Da aka zo Olamfik ta 2008 a Beijing, garin da ta tashi, sai ga 'yan matanta sun haɗu da Sin, suka kuma doke ta 3-2 a gaban 'yan uwanta. Ku ƙiyasta irin maganganun da aka yi mata. Amurka ta kai wasan ƙarshe, Brazil ta doke ta, ta tafi da azurfa. Ina kawo wannan ne saboda wata ɗabi'a tamu: duk yayanmu da ya je ya taimaka wa ƙungiyar wata unguwa, mun sa masa ido ke nan, mun ce ya ci amana. Ƙasar Sin da ta fi mu abin fushi ba ta yar da 'yarta ba. A 2013 ta sake kiranta, bayan tawagar ta kasa wuce matakin kwata-fainal a Landan a 2012.

Abin da ta fara yi shi ne faɗaɗa ƙofa. Maimakon riƙe mutum goma sha biyun da kowa ya sani, ta gayyato matasa da yawa sansani tana gwada su. Cikin waɗanda ta kira a shekarar akwai Zhu Ting, 'yar manoma daga wani ƙauye a lardin Henan, haihuwar 1994, doguwa mai tsawon mita 1.98. Da su ta ci Kofin Duniya a 2015. A Riyo a 2016 kuwa suka fara da ƙafar hagu: wasa biyar na rukuni, suka sha kashi a uku, hannun Holan da Sabiya da Amurka, suka tsallake a matsayi na huɗu. Ladan da suka samu shi ne haɗuwa da Brazil mai masaukin baƙi, wadda ta ci zinare a 2008 da 2012. Suka fitar da ita 3-2 a gidanta. Suka rama wa Holan 3-1, suka rama wa Sabiya 3-1 a wasan ƙarshe. 'Yan wasan da suka faɗi a makon farko su ne suka ɗaga zinare a mako na biyu, ba a sayo kowa a tsakani ba. Abin da ya canza shi ne karatun da mai zaune a benci ta yi wa abokan hamayya, da sanin wa za ta cire, wa za ta saka, a wane lokaci. Da wannan Lang Ping ta zama mutum na farko a tarihin ƙwallon raga da ya ci zinaren Olamfik yana ɗan wasa, ya kuma ci yana koci. Zhu Ting ce aka zaɓa gwarzuwar gasar.

Ba zan ɓoye muku ƙarshen ba. Ta sake cin Kofin Duniya a 2019, amma a Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, Zhu Ting na fama da ciwon wuyan hannu, Sin ta kasa fita daga rukuni, Lang Ping ta ajiye aiki. Koci ma yana faɗuwa. Idan kun naɗa wani bana ya sha kashi, kada ku ce kuɗin ya tafi a banza.

Akwai wani abu game da gasar 1984 ɗin nan da yake ba ni sha'awa. A ɓangaren maza Amurka ce ta ci zinare, a cikinta akwai Karch Kiraly, shi ma haihuwar 1960. Brazil ce ta zo ta biyu, a cikinta akwai Bernardo Rezende, wanda aka fi sani da Bernardinho. Bayan shekara 32, a Riyo, ga su nan su uku a bakin fili cikin kayan koci: Lang Ping da zinaren mata, Bernardinho da zinaren maza, Kiraly da tagullar matan Amurka. Kiraly ya sake cin zinare a 1988, ya ci na wasan bakin teku a 1996, amma da ya shiga horarwa da ƙungiyar makarantar 'ya'yansa ya fara, sannan ya yi mataimaki a tawagar matan Amurka har zuwa 2012 kafin a ba shi ragama. A 2014 ya doke tawagar Lang Ping a wasan ƙarshe na gasar duniya a Milan, a Tokiyo kuma ya ba matan Amurka zinarensu na farko. Shi kuwa Bernardinho ba tauraro ba ne a zamaninsa, mai ɗaga ƙwallo ne da ya fi zama a benci. Haka ma José Roberto Guimarães, wanda ya ci zinare da mazan Brazil a 1992, da matanta a 2008 da 2012, mai ɗaga ƙwallo ne.

Ina roƙonku ku riƙe wannan idan aka zo zaɓen wanda za a tura. Na san halinmu, za mu ce a ba wane, ai shi ne ya fi kowa duka a zamaninsa. Wanda Allah Ya ba tsalle da ƙarfi sau da yawa bai san yadda yake yi ba, balle ya bayyana wa yaro. Yana ganin yaro ya kasa sai ransa ya ɓaci. Ku nemi mai ido da haƙuri, wanda yara ke zuwa wurinsa da kansu ba tare da an tura su ba. Idan tauraron yana so, bismilla, amma ya yarda ya fara daga ƙasa kamar yadda Gudumar Ƙarfe ta yarda.

Wani zai ce tunda yayanmu na kan kwando ya iya, mene ne na kwas da takarda? Ya iya abin da ya iya. Amma wasan da ya buga ba shi ne na yau ba. An shigo da libero a 1998, mai riga daban da ke tsaron baya. Tun 1999 kowace ƙwallo maki ce, ana tashi a 25, zagaye na biyar a 15, ba kamar da ba da sai mai sabis ke samun maki. Mu a filayenmu har yanzu akwai inda 'yan wasa ba sa juya gurabensu, mai duka yana tsaye gaban raga daga farko har ƙarshe, tsayin raga kuwa gwargwadon tsayin turakun da aka samu, alhali ƙa'ida mita 2.43 ce ga maza, 2.24 ga mata, fili kuma mita 18 a 9. Yaron da ya tashi a haka, ranar da ya je gwaji a manyan kulob irin su Wahda ko Ahli ko Ittihad, tsallensa zai burge, amma da an ce ya tsaya a lamba biyar, gurbin baya na hagu, ya karɓi sabis sai ya rasa inda zai sa kansa. A sallame shi, ya dawo yana cewa an yi masa wariya. Wani lokaci ba wariya ba ce, mu ne ba mu shirya shi ba.

Sannan ga lafiya. Yaranmu na buga wasa a kan siminti da kwalta, bayan wunin azumi, ba ɗumama jiki, ba wanda ya koya musu yadda ake dira da ƙafa biyu a lanƙwasa gwiwa. Mai duka ya dira a kan ƙafar mai tarewa a ƙarƙashin raga, idon sawu ya gurɗe, a ɗaure da tsumma a ce ya taka. Ku ƙirga tsofaffin 'yan wasanmu da ke salla a kan kujera tun ba su kai hamsin ba. Lang Ping kanta, da likitocin ƙasa a bayanta, an sha yi mata tiyata a gwiwa. Wanda ya yi kwas ya san ranar da zai ce wa yaro yau ba ka shiga, ko da ubansa ne ya sayi rigunan.

Na zo kan maganar da na san wasu dattawanmu ba za su so ba, ina neman afuwa tun kafin in faɗa. Tun 2017 ma'aikatar ilimi ta ƙasar nan ta shigar da darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati. 'Ya'yanmu mata da jikokinku suna buga ƙwallon raga yanzu haka, ko mun yi magana a kai ko ba mu yi ba. Tambayar da ta rage ita ce wa zai koya musu. Idan muna son su yi wasa a killataccen wuri, cikin sutura, a hannun mace 'yar uwarsu wadda ta san gidajensu, to sai mun samar da macen. A cikin waɗanda za a tura kwas, a sa mata. Akwai malamai a cikin ƙannenmu da za su iya, iyayensu mata sun san su.

Na ji masu cewa wasa ai wasa ne, ba sana'a ba. Ranku ya daɗe, wanda ya ɗaura ƙyallen kyaftin ɗin Saudiyya a Kofin Duniya na ƙwallon ƙafa a Rasha a 2018 shi ne Usama Hausawi, ɗan Makka da ya taso daga Wahda, kuma ba shi kaɗai ne mai wannan suna a tawagar ba. Ƙasar nan tana zuba dukiya a wasanni, Riyad za ta karɓi baƙuncin wasannin Asiya a 2034. Yaran da za su kai ƙarfinsu a wannan shekara su ne masu tsintar ƙwallo a bayan layinmu yau. Za a buƙaci masu horarwa a makarantu da kulob-kulob da cibiyoyin unguwa, kuma mai takarda za a ɗauka, ba wanda aka ce ya taɓa iyawa ba. Na kuma ji masu cewa mu ba ƙasar Sin ba ne. Gaskiya ne, ba kuma zinaren Olamfik nake nema ba. Raga ɗaya da ƙwallo shida da mutum guda mai ilimi sun isa yara ashirin.

Ga abin da nake roƙo a aikace. Kowane kwamiti ya cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya tara kafin a sayi kofi, a ajiye shi a hannun ma'aji da sunan horarwa. Idan ana neman inda za a rage, a fara da ambulan 'yan haya. A tura wakilai biyu, dattijo ɗaya da matashi ɗaya mai iya rubuta takarda da Larabci, su je hukumar ƙwallon raga ta ƙasa su tambayi lokacin kwas da sharuɗɗansa. Hukumar duniya, FIVB, tana da kwasa-kwasan koci mataki-mataki, na farko shi ya dace da mu. Su tambaya a fili game da masu jinsiyya, wato 'yan ƙasa, da masu iƙama, wato takardar izinin zama, domin mu duka biyun muna da su, kada a tara wa mutum kuɗi sannan a gano takardunsa ba su ba shi dama ba. Wanda aka biya wa, a rubuta da shi cewa zai riƙe yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar na tsawon shekara biyu, sau biyu a mako, ba cikin azumi kaɗai ba, a kuma ba shi ɗan abin man mota kowane wata, domin mai iyali ne. Kuma a kowane dare na gasa, a ba yaran nan awa ɗaya ta farko a filin da aka kama, kafin manya su shiga.

Ina neman a sa wannan batu a farkon ajandar zaman da za a yi a Rajab, kafin a taɓa maganar riguna. Zan zo da sunayen waɗanda nake ganin sun dace daga ɓangarenmu, in miƙa wa shugaba a rubuce, sauran unguwanni su ma su zo da nasu. Kuɗin alƙalancina na bana kuma na bar shi a asusun.

Wassalam.

Ɗanku kuma ƙaninku,
ɗaya daga cikin masu busa usur a gasar azumi,
Jidda.